Ƙullutu a Gindin Inabi

Alhaji Mas'udu ya dire ledar a kan teburin ɗakin gwaje-gwaje da ƙarfi, har kwalaben da ke jere suka yi ƙara.

"Buɗe ki gani, Uwata," ya ce. "Ke kika karanta tsirrai. Buɗe ki gaya mini irin gubar da aka zuba."

Zahra'u ta goge allin hannunta a gefen mayafi. Ita ce malamar ilimin halittu a wata makarantar 'yan mata a Gusau, kuma tun da ta kama aiki mahaifinta bai taɓa tako makarantar ba. Ganin shi yau da hantsi, zafin bazara ya jiƙa masa wuyan riga da gumi, ta san ba lafiya ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, shi ya sa ko yana cikin fushi ba ya kiran sunanta.

Ta kwance ledar. Guntun itacen inabi ne aka saro daga gindi, a jikinsa kuma ga wani ƙullutu ya kai dunƙulen hannu, mai kaushi kamar bayan kwaɗo. Ta ɗaga shi wajen taga. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta kankare gefe da farce.

"Baba! Baba, a ina ka samo wannan?"

"A ina kuwa? A lambuna."

"Akwai wasu? Suna da yawa?"

"Kusan rabin inabin."

"Allahu Akbar!" Ba ta san lokacin da ta yi dariya ba. Ta jawo wuƙa daga aljihun tebur ta tsaga ƙullutun biyu. Cikinsa fari-fari ne, naman ya cukurkuɗe, babu layin nan da ake gani a lafiyayyen itace. Lokacin da take jami'a a Zariya sau ɗaya ta taɓa ganin irinsa, shi ma a cikin kwalba, ya daɗe a ruwan magani har ya yi baƙi, malamin kuma bai bari kowa ya taɓa ba. Yau ga shi ɗanye a tafin hannunta, daga lambun gidansu na Bungudu.

"Ba guba ba ce, Baba. Ina kyautata zaton na san ko mene ne."

"Guba ce. Ko sammu. Buba ne, kuma ranar Litinin zan kai shi gaban alƙali. So nake ki zo ki yi shaida, tunda ke za su ji maganarki."

Nan take ta daina dariya. Buba makiyayi ne, kuma tun kafin a haife ta yake sauka da shanunsa a gonar Alhaji kowace kaka, su ci kara su bar taki, ya tashi in damina ta kawo kai. Baffa take kiran shi. Matarsa Adama ce ta koya mata dama fura. Ta san cewa bara shanun sun ɓalle shinge sun shiga lambu sun karya inabi, ta san an yi cacar baki, amma ta ɗauka magana ta wuce.

"Ya ce mini zan gani," in ji Alhaji. "Da bakinsa ya faɗa, a gaban mutane. To, ga shi na gani. Jiya na aika masa ya tashi daga gonata. Yau yana ɗaure kaya, wai Bilbis za shi, can wajen Tsafe. Ya tahi duk inda za shi, sammaci zai iske shi."

"Yau zai tashi?"

"In rana ta yi sanyi."

Zahra'u ta mayar da ƙullutun cikin leda, ta ɗauki allura da 'yar kwalba ta jefa a jaka. Ta leƙa ofishin shugabar makaranta ta nemi izini, ta roƙi wata abokiyar aikinta ta biya ta gaya wa maigidanta Lukuman inda ta tafi, sannan ta fito da sauri har tana barin mahaifinta a baya.

Man fetur ya yi wuya a shekarar nan ta 1998, tashar mota cike take da mutane, motocin kuwa 'yan kaɗan. Da ƙyar suka sami wuri a wata tsohuwar bas mai zuwa Bungudu. Zahra'u ta zauna a kujerar mata, ledar a kan cinyarta, tana ta leƙa ta. Wata mata mai goyo da ke kusa da ita ta kasa haƙuri.

"Malama, maganin mene ne wannan?"

"Ba magani ba ne, ciwo ne. Amma ciwon da ya fi magani daɗin labari."

Ta juya wajen mahaifinta da ke kujerar baya, don shi take so ya ji.

"Baba, ka san dalilin da ya sa in ka shuka gero ba ya fitar da dawa? Kowane tsiro jikinsa ƙananan ɗakuna ne da ido ba ya gani, a cikin kowane ɗaki kuma akwai umarnin da ya gada: ga yadda ganyenka zai kasance, ga irin 'ya'yan da za ka yi. To, akwai wata ƙwayar cuta da ke zaune a cikin ƙasa. Masana suna kiran ta Agrobacterium. Ba ta iya shiga tsiro sai ya ji rauni. In ya ji rauni yana fitar da wani ruwa, ita kuma da ta ji alamar ruwan sai ta taho ta manne a bakin raunin. Daga nan sai ta yanko ɗan guntu daga nata umarnin, ta tura shi cikin ɗakin tsiron. Shi kuwa tsiron sai ya karɓa ya haɗa da nasa, yana zaton gadonsa ne."

"Umarnin mi?" wani dattijo mai hular saƙi ya tambaya daga gaba. Duk motar ta yi tsit, har yaron mota ya daina buga ƙofa.

"Abu biyu, Malam. Na farko: ka yi ta kumbura, kada ka tsaya. Shi ne wannan ƙullutun. Na biyu: ka riƙa dafa mini wani abinci da kai kanka ba ka iya ci, sai ni."

"Kai! Ɓarauniya ce ke nan!" in ji mai goyon.

"Ta fi ɓarawo," dattijon ya ce. "Ɓarawo in ya ɗauka gudu yake yi. Wagga ta shiga gida ta zauna, ta sa mai gida girki."

Motar ta kwashe da dariya. Zahra'u ta ji kamar tana gaban aji a ranar da darasi ya kama, sai ma ta ƙara ɗaga murya.

"Ku tsaya ku ji ƙarshen. Da masana suka gane haka, sai suka ce, ashe ga ɗan aike mun samu. Suka kama ta a ɗakin gwaji, suka cire umarnin kumburin, suka saka wanda su suke so a gurbinsa. Ita ba ta san an canza ba, kai saƙo kawai take yi. Su kuma sai su reni ɗakunan da suka karɓi saƙon har su zama cikakken tsiro, ya yi iri, irin ya gaji saƙon. Malam, me kake nomawa?"

"Auduga."

"Me ya fi damun ka?"

"Tsutsa mana. Bara sai da na yi feshi har ƙirjina ya riƙa ciwo."

"To, tun shekarar da aka ba mu jihar Zamfara manoma a Amurka suke shuka audugar da in tsutsa ta ci sai ta mutu. Wannan ƙwayar ce ta kai saƙon cikin audugar. Wannan ɗin da ke cikin ledar nan!"

Dattijon ya cire hula ya sosa kai. "To, Malama, wanga abu ba shiga aikin Allah ba ne?"

"Allah ne ya halicce ta da dabarar, Malam, tun ba a halicci mai ɗakin gwajin ba. Mutane ganowa suka yi. Amma ba kai kaɗai ke tambaya ba. Can ma akwai masu tsoron abin, suna cewa a bi a hankali, kuma ni ban ce ba su da gaskiya ba."

"Ni dai in ta zo, a fara da gonata," in ji wani saurayi daga baya. Aka sake yin dariya. Muhawara ta ɓarke, wasu na cewa ba za su ci abincin da aka yi wa haka ba, wasu na cewa ai auduga ba ci ake yi ba. Har motar ta shiga Bungudu ba a gama ba. Alhaji Mas'udu kuwa ya kawar da kai wajen taga.

Da suka sauka suka kama hanyar fadama, Zahra'u ta ci gaba da magana. Tana faɗin yadda za ta yanka ƙullutun siriri-siriri ɗalibanta su duba a madubin ƙara girma, da yadda za ta kai wani Zariya in an yi hutu. Sai ta lura takun mahaifinta ya tsaya.

"Uwata," ya ce, ba tare da ya dube ta ba. "Da hannuna na dasa inabin nan, ɗaya bayan ɗaya. Mutanen garin nan sun yi mini dariya, sun ce inabi ba ya yi a Bungudu. Na yi masa rumfa, na yi masa ban ruwa da rani, har ya yi 'ya'ya na kai wa masu dariyar suka ci. Yanzu yana mutuwa. Ke kuma tun daga Gusau haƙoranki a waje suke, kamar an yi miki albishir."

Kunya ta rufe ta. Ta durƙusa a gefen hanya. "Ka yi haƙuri, Baba. Na yi kuskure."

"Tashi. Mu je ki duba."

Lambun yana bakin gulbi, an kewaye shi da shingen ƙaya. Inabin ya hau rumfunan itace layi-layi, amma ganyen da yawa ya yi rawaya, rassan sun ƙanƙance. Zahra'u ta tattare zanenta ta bi layin a tsugune, tana tone ƙasar gindin kowane itace da yatsa. Ta yi niyyar kame kanta, amma duk ƙullutun da ta gani sai ta tsaya ta ƙura masa ido. Ga manya, ga ƙanana farare masu laushi da ba su daɗe da fitowa ba.

"Baba, ta ina shanun suka shiga?"

"Ta gabas. Nan suka tsaya, layin farko da na biyu."

"Ba su kai can yamma ba?"

"Ba su kai ba."

"Zo ka gani."

Ta kai shi layin ƙarshe na yamma, wanda ke jikin rijiya. Ta nuna masa wani itace da ƙullutu ya zagaye kamar awarwaro, daidai wurin da aka haɗa reshe da gindi.

"Wa ya yi auren wannan itacen?"

"Ni."

"Da wace wuƙa?"

"Da wuƙata. Da ita nake yi wa duka aski." Ya sunkuya ya shafa wurin haɗin da babban yatsa.

"Ga wannan kuma, saran hauya ne a gindi, lokacin noma. Baba, ba zan ɓoye maka ba: inda shanun Baffa suka karya ma ta shiga, na gani a layin gabas. Rauni take nema, ba ruwanta da wanda ya yi shi. Amma ba shi ya kawo ta ba. Ko dai tana cikin ƙasar nan tun da daɗewa, ko kuma ta zo a jikin dashen da ka samo. Wuƙar ce ta riƙa ɗaukar ta daga wannan itace zuwa wancan."

"Maganinta fa?"

Ta so a ce tana da wata amsar. "Wanda ya kamu ya kamu, Baba, don saƙon ya riga ya shiga jikinsa. Ko an kashe ƙwayar, kumburin ba zai fasa ba. Sai dai a tumɓuke su da saiwa a ƙone, a bar wurin ya huta da inabi, a shuka dawa ko masara. Masu lafiyar kuma a riƙa gasa wuƙa a wuta kafin a taɓa kowane ɗaya. In Allah ya so za su tsira."

Alhaji ya daɗe a tsugune. Daga bayan shinge ana jin kukan shanu da muryar mata suna kiran juna da Fulatanci.

"Ke kika faɗa," ya ce a ƙarshe. "Ni ban ga wata ƙwaya ba. Kuma ke da bakinki kika ce zato kike."

"Haka ne. Amma akwai yadda za a gwada, kuma kai da kanka za ka gani. Sai dai ina so a yi a gaban Baffa."

Da ta nufi ƙofar shinge ya biyo ta.

A rugar an riga an rushe bukkoki. An ɗora tabarmi da ƙore a bayan bijimai, Adama na ɗaure tukwane da igiya. Da ta hango Zahra'u ta saki igiyar ta rungume ta, sannan ta ga wanda ke bayanta, sai ta ja mayafi ta koma gefe. Buba yana tsaye, sanda a kafaɗa, dogo, furfura ta cika masa gemu. Zahra'u ta durƙusa ta gaishe shi. Ya amsa mata da fara'a, ya tambayi maigidanta da yara. Alhaji kuwa ko kallo bai ishe shi ba.

Ta fito da ƙullutun ta yi masa bayani, wannan karon a hankali. Buba ya saurara har ta gama, bai katse ta ba.

"Zara," ya ce, "ni na san ciwon da ke shiga saniya ta wurin rauni, don haka maganarki ba ta yi mini nisa ba. Amma ba itace ne ya tashe ni ba. Mutumin da muka binne iyayenmu tare ya ce na yi masa sammu."

"Kai ka ce zan gani," in ji Alhaji.

"Na ce za ka gani in ban gyara shingen ba! Kuma na gyara. Ƙayar da ke jikinsa yanzu wa ya saro ta?"

Zahra'u ta yi maza ta shiga tsakani.

"Baba, akwai dashen tumatir a bakin rijiya, na gani. Ku zo mu ɗebo."

Suka koma lambun su uku, Adama na biye da su daga nesa. Zahra'u ta sa aka cire dashen da ƙasarsa aka zuba a tsofaffin gwangwanaye. Ta yanko farin ƙullutu mai laushi, ta daka shi a kan dutse, ta zuba a kwalba da ɗan ruwa ta girgiza. Wannan gwajin a littafi kawai ta san shi.

"Rabi za mu soke su da allurar da aka tsoma a wannan ruwan. Rabi kuma da ƙaya mai tsabta, da ruwan rijiya zalla. In ƙwayar ce, bayan 'yan makonni na farkon za su yi ƙullutu daidai inda aka soka, na biyun su warke sumul. In duka sun kumbura, ko babu wanda ya kumbura, to ni ce ban sani ba, sai in kai Zariya a duba."

"Tumatir zai yi irin ciwon inabi?" Alhaji ya matso, ya manta da fushin da yake yi. "Wato saƙon nan zai shiga shi ma?"

"Haka nake sa rai, Baba."

"Ba ni allurar."

Ya tsoma, ya soki karan tumatir na farko a hankali kamar mai yi wa jariri kaciya. Ya soki na biyu. Ya ɗago kai, idonsa na ƙyalli. "Yanzu ta shiga ke nan? Tana can tana aikin?"

"Ta fara neman ƙofa."

"Ikon Allah!"

"A ba ni ni ma," in ji Buba. "Kada gobe a ce hannun mutum ɗaya ne." Ya karɓi allurar ya soki nasa, sannan ya zaɓo ƙaya da kansa ya soki sauran. Zahra'u ta ɗaura wa masu ruwan ƙullutun jan zare da ta zaro daga bakin mayafinta.

"To, a ina za a ajiye su?" Buba ya tambaya. "Ni ban yarda su kwana a lambunsa ba."

"Ni ma ban yarda su kwana a ruga ba."

Aka yi ta ja, har Adama ta ce daga inda take tsaye, a kai su gindin tsamiyar da ke kan iyakar lambu da ruga, a kewaye da ƙaya, kowa ya riƙa zuwa da safe yana ba su ruwa a gaban ɗan'uwansa. Su duka biyun suka amince. Buba ya dubi gwangwanayen, ya dubi bijiman da ke tsaye da kaya a can nesa. Daga Bilbis ba a zuwa Bungudu ban ruwa kowace safiya. Ya yi wa Adama magana da Fulatanci a taƙaice, ta juya ta nufi rugar da sauri don a sauke kaya.

Bayan sun yi sallar la'asar Alhaji ya ɗauko gatari daga bukkar lambu. Ya tsaya a gaban itacen da ke jikin rijiya, wanda ƙullutu ya zagaye. Ya ɗaga gatarin, ya sauke. Ya gyara tsayuwa, ya sake ɗagawa, ya sake saukewa. Zahra'u ta kawar da kai, ta rungume ledarta.

"Buba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. Ya miƙa masa ƙotar. "Fara mini."

Buba ya jingine sandarsa a jikin rumfa, ya naɗe hannun riga, amma bai karɓi gatarin ba.

"A'a, Alhaji. Ni da shanuna mun gama karya maka itace." Ya sunkuya ya kama kan inabin da hannu biyu, ya ja shi gefe don gindin ya fito sosai. "Kai ka sara, ni in ja."